Sunan da Rumasa'u Ta Sa wa Uwarta

Sunana Shatu, amma mutanen unguwarmu Hindawiyya sun fi sanina da Shatun Kurame, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Ubana Idris kurma ne, baduku ne a Kano kafin ya kwaso mu zuwa Makka ina 'yar shekara tara, saboda haka hannuna ya riga bakina iya magana. Da na girma na yi aure, sai matan unguwa suka riƙa kawo mini 'ya'yansu da ba sa ji. Wannan ta ce in tambayar mata yarinya inda ke mata ciwo, waccan ta ce in gaya wa tata ta daina daɗewa a bazan, inda muke ɗibar ruwa. A haka na zama malama ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Bayan la'asar nake shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakina na gwangwani, 'yan mata huɗu ko biyar su zagaye ni, mu yi ta hira har rana ta yi sanyi ba wanda ya ji motsinmu. Maƙwabciyata takan ce ba ta taɓa ganin makaranta mai daɗin maƙwabtaka irin tawa ba.

Abin da nake koyarwa ba shi da yawa. Yadda ake cewa ruwa, yadda ake cewa wuta, yadda ake alwala, raka'a nawa ce azahar, da yadda mace za ta ce ba ta so a gane ba ta so. Sai kuma al'ada guda da na gada wurin ubana: mai ji ba ya raɗa wa kowa sunan hannu. Kurma ne zai kalli mutum, ya ga abin da ya fi yawan yi, ya sa masa suna da shi, kuma sunan ya zauna ke nan, mutum ya so ko ya ƙi. Nawa sunan yatsu biyu ne a kan girar da aka tamke, wai don kullum a fusace nake. Sa'adiya ce ta sa mini, babbar ɗalibata, kuma ba ta yi mini ƙarya ba.

Rumasa'u ta zo mini ne 'yan shekaru bayan an gama yaƙin Turawa. A bazan ta ga Sa'adiya da wata suna magana da hannu suna dariya, sai ta biyo su da garwar ruwa a ka. Ta tsaya a ƙofar gidana tana kallo, ruwa yana tsiyaya mata a wuya ba ta ma sani ba. Kwana uku tana haka. Ran na huɗu haƙurina ya ƙare, na tashi na sauke mata garwar na zaunar da ita. Za ta yi shekara goma sha uku, doguwa, mai manyan idanu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hannuwanta. A ƙarƙashin mayafi take ɓoye su kamar kayan sata, sai da na jawo su waje da kaina.

Ban taɓa koyar da mai yunwar magana irinta ba. In ban da nuni da baki da girgiza kai, ba ta zo da komai ba, amma kafin azumi ya zagayo ta fi kowa surutu a tabarmar. Ta ba mu labarin wata doguwar hanya da ta tuna, da raƙumi, da ruwa mai faɗi wanda ba a ganin ƙarshensa, da wani mutum da aka kwantar a cikin yashi aka rufe. Ta iya tsokana kuma, don tana kwaikwayon tafiyata har Sa'adiya ta kwanta don dariya. Wata rana na tambaye ta wa take da shi a gida. Ta yi ɗan tunani, sai ta kama tsintsiyar hannunta na hagu da na dama, ta matse har wurin ya yi shati. Sunan da ta sa wa uwarta ke nan. 'Yan matan suka yi dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Daga baya na ji labarin uwar a bakin mata. Sunanta Ramlatu, daga ƙasar Haɗeja, tana soya waina a bakin hanyar da ke gangarawa Harami. Sanƙarau ne ya kama yarinyar tana 'yar shekara biyu, ya tashi ya bar ta ba ji ba magana. Ita da mijinta Ja'afaru suka yi alwashin sai sun kai ta ta sha Zamzam a bakin rijiyarsa. Suka sayar da gona suka kamo hanya a ƙasa. Shekara biyar suna tafe, suna tsayawa ƙwadago a gonakin auduga na Sudan, har suka iso Sawakin. A nan Ja'afaru ya rasu suna jiran jirgin ruwa. Shi ne mutumin da aka kwantar a cikin yashi.

Tun da ta shigo Makka, Ramlatu ba ta taɓa fashin safiya guda ba. Da sassafe za ta taka har Harami ta ciko ɗan tulunta da Zamzam, ta dawo ta ba yarinyar moɗa guda ta sha, ta ɗiga mata a kunnuwa. Sannan ta zaunar da ita, ta kama hannuwanta biyu ta riƙe gam don kada ta yi nuni, ta kawo fuskarta kusa ta yi ta cewa ta ce Inna. A ganinta, muddin hannu yana biya wa yarinya bukata, baki ba zai taɓa buɗewa ba.

Da na ji wannan, abu guda na sa a raina: matar nan sai ta saki hannun 'yarta, ko da kalma goma ce ta koya su yi magana. Na san irin abin da ke cikin yarinyar, duk kuwa uwarta take son gaya wa. Mu a tabarma ragowa kawai muke samu.

To, da ni mai dabara ce, da na je na zauna kusa da tandar wainarta na taya ta hira, na bi ta a hankali. Ban yi ba, har ta gano da kanta. Rumasa'u ce ta manta a gida ta roƙi ruwa da hannu. Washegari muna tsakiyar karatu sai ga mace ta faɗo gidana ba sallama, ta finciki yarinyar ta tsintsiyar hannu, daidai inda sunan yake.

"Haram alaiki, Malama," ta ce da ni. "Na binne mijina a hanya don yarinyar nan ta yi magana da bakinta. Ke kuma kin zauna kina koya mata ta haƙura. In ta haƙura, ni na haƙura, to me ya kashe Ja'afaru?"

Wannan tambaya ce da ta cancanci a yi shiru. Ni kuwa na miƙe tsaye na ce mata shekara shida tana ɗura wa yarinya Zamzam, in da rabon ta yi magana da tuni ta yi. Na ce Allah ya riga ya amsa addu'arta, ya ba 'yarta yatsu goma masu zuba kamar famfo, ita ce ta rufe ido. Na ce a gidansu akwai kurma guda, amma ba Rumasa'u ba ce. Duk wannan a gaban yara na faɗa, da bakin da yarinyar ba ta ji, tana kallon fuskata tana kallon ta uwarta.

Ramlatu ta ce halas, an gama, kada ta ƙara ganin ƙafata a ƙofarta. Na ce ai ban taɓa zuwa ba, kuma na rantse da Ubangijin Ɗakin nan ba zan taka gidanta ba sai ta zo da ƙafarta ta kira ni. Ina gama faɗa na ji ban kyauta ba, amma girman kai ya hana ni janyewa.

Shekara biyu aka yi a haka. Rumasa'u ba ta daina zuwa ba, sai dai a sace, in an aike ta bazan. Ta zauna kaɗan, ta zazzage abin da ta tara, ta ɗauki garwarta da gudu. A irin wannan zuwan ne ta tambaye ni me mutum yake faɗa in zai mutu, don ta ga an fitar da gawar wata tsohuwa a layinsu. Na koya mata yadda ubana ya koya mini: a ɗaga manuniya sama a tsayar, Allah ɗaya ne, sannan a sauko da hannun a dafa ƙirji. Ta yi sau biyu, ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ko tana barci za ta iya.

Sau da yawa ta roƙe ni in je in shirya da Innarta. Takan kama tsintsiyar hannunta, sannan ta nuna ni, sannan ta haɗa yatsunta biyu wuri guda. Ni kuma in ce mata na yi rantsuwa. Kamar ban san ana kaffara ba.

A shekarar da abin ya faru, Arfa ta faɗo cikin tsananin zafi. Mu takari, baƙin da muka zaune a Makka, aikin hajji shi ne kakarmu, kowa yana fita da abin sana'arsa. Ramlatu ta tafi da 'yarta suna dafa wa alhazai abinci, yini guda a gaban wuta, rana a sama. Ana saukowa daga Mina Rumasa'u ta kwanta da zazzaɓi. Sa'adiya ce ta zo ta gaya mini. Ta yi sunan yarinyar, ta dafa goshi, ta kwantar da tafin hannunta, sannan ta kama gefen zanena tana ja.

Na ce sai uwarta ta aiko a kira ni. Wallahi abin da na ce ke nan. Na ce zazzaɓin bayan hajji ne, rabin unguwa a kwance suke. Kwana ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, ina ta kasa kunne ko zan ji sallama a ƙofa. Sa'adiya ta daina kallon fuskata, wanda a wurin kurma daidai yake da a daina yi wa mutum magana. Ran na uku da hantsi na ce rantsuwa ta ci kanta, na yafa mayafi na fita. Ina shiga layinsu na ji kukan mata.

Ramlatu ba ta kore ni ba. Da aka zo wanka, wata dattijuwa ta ce in shigo in taya su, tun da ni ce malamarta. Ni na zuba ruwa a hannuwan nan da na jawo daga ƙarƙashin mayafi shekara uku da suka wuce. A tsintsiyar kowane hannu akwai shatin yatsu, sabo. Na gani, na gane, kuma a karo na farko a rayuwata na kama bakina. Aka sallace ta a Harami bayan azahar, maza suka wuce da ita maƙabartar Ma'ala.

Kwana bakwai ban shimfiɗa tabarma ba. Ran na takwas 'yan matan suka zo da kansu suka shimfiɗa, muka zauna ba mai ɗaga hannu. Muna nan zaune sai na ji sallama. Ramlatu ce, ta rame ta yi baƙi, zanenta yana ƙamshin hayaƙi.

"Ga ni na zo da ƙafata, Malama," ta ce, "kamar yadda kika rantse."

Da ta ɗauki muciya ta buga mini da ya fi mini sauƙi. Na matsa mata ta zauna a gefen tabarma. Da ta fara magana ba ta yi kuka ba, a hankali take faɗa kamar mai ba da saƙo.

Ta ce da safiyar ranar, da suka ga jikin ya rikice, matan layin suka taru suka yi abin da aka saba yi wa kowane Musulmi. Suka juyar da ita ta fuskanci alƙibla, suka ɗiga mata Zamzam a baki, suka shiga laƙanta mata kalmar shahada. Yarinyar idonta biyu, tana ta ƙoƙarin ɗaga hannu. Matan suka ce magagin fitar rai ne, a riƙe ta kada ta buge kanta. Ita kuwa Ramlatu ba ma sai an gaya mata ba. Ta kama hannuwan biyu ta runtse su cikin nata, ta kawo fuskarta kusa, tana roƙonta ta motsa baki. Ta ce a ranta ta sakankance yau ce ranar, Allah ya ajiye amsar addu'arta ne sai a kan wannan kalma, don ta fita da ita da harshenta kowa ya shaida.

"Bakin bai motsa ba," ta ce. "Amma akwai abin da ya hana ni barci. Wani yatsa ya riƙa tasowa a cikin tafin hannuna. Ya taso, na lanƙwashe shi. Ya sake tasowa, na lanƙwashe shi. Sau uku. Daga na ukun bai ƙara ba. Na zo ki gaya mini gaskiya, an ce ke ba kya ɓoye ta."

Na miƙa mata hannuna na dama na ce ta riƙe ni yadda ta riƙe ta. Ta runtse yatsuna cikin tafinta, tafi mai kaushi, duk tabon mai. Na tura manuniyata sama a hankali har ta tokari tafin. Ta sake ni da sauri kamar ta taɓa garwashi. Ba ta tambaye ni ma'anarsa ba. Wace Musulma ce ba ta ɗaga wannan yatsan a zaman tahiya? Ta riga ta sani tun kafin ta baro gida, so take kawai wani ya faɗa.

"Ina roƙonta ta faɗa, ashe tana faɗa ni nake hana ta," ta ce.

Na ce mata ni ba malamar fiƙihu ba ce, amma na san ɗalibata. "Ba ki hana ta ba, Ramlatu. Ta faɗa, sau uku ta faɗa. A cikin tafin hannunki ta faɗa, duk ɗakin ke kaɗai kika ji."

A nan ne kukan ya zo mata. Ni ma na yi, don nawa laifin bai fi nata ƙanƙanta ba. Da ina ɗakin, kallo guda zan yi in ce a saki hannun. Tafiyar da ba ta kai a tafasa shayi ba ce tsakanin gidana da nata, na yi kwana biyu ina jiran a zo a ba ni haƙuri.

Da ta lafa, ta share fuska da bakin zane, ta dubi 'yan matan da suka zuba mata ido. Ta ce ta ji a bakin mata cewa a nan kowa yana da sunan da aka sa masa da hannu. Ta ce shekara goma sha huɗu tana roƙon yarinyar nan ta kira ta sau ɗaya. Ta tambaye ni ko ita ma tana da suna, kuma yaya 'yarta take kiranta in ba ta nan.

Na ji hannuna na dama ya fara tafiya wajen tsintsiyar na hagu da kansa, don sunan ya zauna a jikina. Na tsayar da shi a hanya. Na dubi matar nan da ta taka daga Haɗeja, ta bar miji a yashi, ta bar 'ya a Ma'ala. Sai na dunƙule hannuna kamar mai riƙe da moɗa, na kai bakin wani da ba ya nan, na karkata a hankali yadda ake ba yaro ruwa.

"Mai ba ni Zamzam," na ce. "Haka take kiranki."

Na yi shekara fiye da arba'in ina magana da hannu, ban taɓa yin ƙarya da shi ba sai ranar. Kuma na karya al'adar ubana, ni mai ji na raɗa wa mutum suna. 'Yan matan duk sun san na gaskiyar, sun sha ganinsa sun sha dariyarsa. Ramlatu ta ɗaga hannunta tana gwadawa, ta nuna ƙirjinta, ta karkata moɗar, yatsun a sandare. Sa'adiya ta dube ni ta daɗe. Na ɗauka za ta tona ni, don kurma ba ya wasa da suna. Sai ta juya wajen Ramlatu, ta gyara mata babban yatsa, ta nuna ta, ta yi moɗar ita ma. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar Ramlatu ba ta fashin la'asar a gidana, har shekara shida da ta yi kafin ita ma a kai ta Ma'ala. Hannunta ya riga ya tsufa a kan tanda, da ƙyar ta haɗa kalma arba'in, kuma yaran suna tsokanarta yadda suke tsokanar kowa. Tulun Zamzam ɗin nan mu take kawo wa, kowace yarinya moɗa guda, ba ta kuma taɓa riƙe hannun ko ɗaya ba. Duk sabuwar ɗalibar da aka kawo, ita ce ke fara matsowa ta nuna ƙirjinta ta karkata moɗa, ta ce sunan da 'yarta ta sa mata ke nan. Ba wadda ta taɓa gaya mata.

Yanzu na tsufa, Sa'adiya ce ke shimfiɗa tabarmar. Wani lokaci ina zaune a gefe sai in tuna Rumasa'u ta ajiye garwa tana haki tana ba ni labarin gida, sai in tarar hannuna na dama ya kama tsintsiyar na hagu ya matse. In na farga, sai in ja mayafi in rufe su.